Baƙin akwatin Fagge: yadda muka gane R1155, muka mayar masa da aikinsa na nuna hanya

Ranar wata Asabar, ana tsakiyar hunturu, wani Alhaji da muke sallah a masallaci ɗaya ya sa aka sauke mini wani baƙin akwati daga a-daidaita-sahu a ƙofar shagona. Tsohon ɗakin mahaifinsu suke rushewa a Fagge za su ta da bene, sai aka ci karo da shi a ƙarƙashin gadon ƙarfe, a naɗe cikin buhu. Kafin ya iso wurina har 'yan gwangwan sun ɗora shi a sikeli sun yi masa kuɗi. Abin da ya hana a sayar shi ne wata gwaggonsu ta ce wannan ai rediyon Malam ne, da shi yake jin labaran duniya, kuma daga cikin jirgin saman da ya faɗi a lokacin yaƙin Hitila aka ciro shi.

Buƙatar Alhaji ba ta da yawa. Cewa ya yi, "Malam, so nake ya yi magana, ko sau ɗaya ne, gwaggo ta ji." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni lokaci. Amma kada kowa ya kuskura ya jona shi da wuta." Ya yi dariya ya ce ai har an gwada neman inda za a jona, ba a samu ba. Allah ya rufa asiri da ba a samu ba.

Ɓarna ɗaya aka riga aka yi. Wani ɗan ƙaninsa ya ji ana cewa tsofaffin rediyoyi na ɗauke da jan makuri mai tsada, sai ya zare bawul ɗaya, wato kwalaben nan masu kama da ƙwan fitila, ya fasa. Walƙiyar da ya gani a jikin gilashin kamar azurfa ba makuri ba ce. Wani sinadari ne da ake ƙonawa a ciki tun a masana'anta domin ya tsotse ragowar iska, kuma da zarar iska ta shiga sai ya koma fari kamar alli. Mu masu gyara da wannan ma muke gane bawul ɗin da ya mutu. Yaron bai samu ko sisi ba, mu kuma ya ja mana jiran wata biyu.

Gano ko wane ne

Kwana uku ban taɓa ƙarfen dalma ba. Kallo kawai na yi, da ɗaukar hoto ta kowace kusurwa, da goge ƙura da burushi mai taushi. A ciki akwai gidajen zanzaro guda huɗu, da ɓawon ƙwan tsaka, da ƙurar hunturu ta shekaru da ta daskare kamar an yi yaɓe.

A fuskar akwatin akwai wani ɗan faranti da aka ɗaure da ƙusoshi. Da na goge shi sai ga hoton kambin sarauta da haruffa biyu, A.M., alamar ma'aikatar da ke kula da sojan saman Ingila a wancan zamani. A ƙasa an rubuta R1155A, sunan wata rediyon jiragen yaƙi mai karɓar saƙo da neman hanya, sai lambar kaya 10D/820. Wannan kaɗai ya raba shi da na Amurka da na Jamus. Na'urorin neman hanya na jiragen Amurka, irin su Bendix MN-26 da BC-433, yawanci rufaffun akwatuna ne marasa fuska, ana sarrafa su daga nesa da wani ɗan ƙaramin akwati a gaban matuƙi. Shi kuwa wannan fuskarsa faffaɗa ce kamar rabin faifai, an yi mata launin shuɗi da ja da rawaya, da allura guda mai zagayawa. Launukan ba ado ba ne. Abokin aikinsa, na'urar aika saƙo mai suna T1154, tana da manyan mamurɗai masu waɗannan launuka, domin ma'aikacin da ke cikin duhu da sanyi da rugugin inji ya dace da zango ɗaya a na'urorin biyu ba tare da dogon karatu ba.

Amma faranti abu ne da ake cirewa a maƙala wa wani, saboda haka ban tsaya a kansa ba. R1155 iri-iri ne, kowane da harafinsa, kuma akwai gwaji biyu masu sauƙi da ke rage zato. Na farko maganaɗisu. Na cire na wata tsohuwar sifika na kara a jikin akwatin, bai kama ba. Ke nan alminiyam ne, ba ƙarfe ba, kuma nauyinsa na asali bai wuce kilo 12 ba. Masu harafin D, E, F da N da ƙarfe aka yi su, sun fi nauyi. Na biyu shi ne karanta fuskar. Zangonsa biyar ne: daga megahaz 18.5 zuwa 7.5, daga 7.5 zuwa 3, daga kilohaz 1500 zuwa 600, daga 500 zuwa 200, sai na ƙarshe daga 200 zuwa 75. Masu harafin L da N ba su da wannan na ƙarshen, an musanya shi da zangon megahaz 1.5 zuwa 3 wanda ƙananan jiragen ruwa ke magana a kai. Namu yana da shi. Faranti ya faɗi gaskiya. Harafin A kuwa yana nufin an ƙara masa matatai da ke tare kutsen manyan gidajen rediyo masu matsakaicin zango.

Kamfanin Marconi ne ya tsara shi, ya fara aiki a 1940, kuma cikin waɗanda suka jagoranci aikin akwai Christopher Cockerell, mutumin da daga baya ya ƙirƙiro jirgin nan mai tafiya a kan matashin iska. Da buƙata ta yi yawa sai aka raba aikin ƙerawa da wasu kamfanoni kamar Ekco da Plessey da EMI, har aka yi kusan guda 80,000. Shi ne kunnen manyan jiragen yaƙi irin su Lancaster da Halifax.

To a nan ne na fara ƙirga bawul, lissafi ya ƙi fita. Littafin sojan saman Ingila, wanda masu sha'awar irin waɗannan kaya suka ɗora hotonsa a intanet, ya ce goma ne. Ni kuwa bakwai na asali na gani har da gurbin wanda aka fasa, sai wani baƙon bawul, 6V6, mai ƙara wa murya ƙarfi don sifika, zaune a gurbin da ba nasa ba, da taransifomar sifika an huda jikin akwatin an ɗaure ta, da wata igiyar waya da ta fita ta baya zuwa akwatin wuta wanda ya riga ya ɓata. Gurabe biyu kuma wayam. Bawul ukun da suka ɓace su ne VR99A guda biyu da VR102 guda ɗaya, kuma su ne dukan sashen neman hanya.

Abin da aka yanke masa

Duk wanda ya taɓa sauraron matsakaicin zango da ƙaramar rediyo ya san abin nan: kana juya ta murya na ƙaruwa, ka ƙara juyawa ta dushe, har akwai wani daidai wurin da tashar za ta ɓace ɗungurungum. Dalili shi ne eriyar da ke ciki naɗin waya ce, kuma naɗin waya ba ya ji daidai ta kowace fuska. Jiragen yaƙi da wannan ɗabi'a suke neman hanya. Ana ɗora wata eriya mai siffar zobe a bayan jirgi, ana juya ta daga ciki. Idan gefen zoben ya fuskanci tashar, sauti ya fi ƙarfi. Idan kuwa ramin zoben ne ya kalle ta, sai shiru. Da shirun ake aiki, domin ƙarfin sauti yana da faɗi, ba ka iya cewa ga daidai inda ya fi, amma shirun siriri ne kamar bakin wuƙa.

Matsalar ita ce shirun biyu ne. Zobe ba ya bambanta gaba da baya. Zai gaya maka tashar tana kan wannan layi, amma ba zai ce tana gabanka ko ka riga ka wuce ta ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A watan Afrilun 1943 wani jirgin Amurka ƙirar B-24 da ake kira Lady Be Good ya dawo daga kai hari Italiya da dare, ya wuce sansaninsa da ke gaɓar Libiya bai sani ba, ya yi ta nausawa cikin Sahara har mai ya ƙare. Sai a 1958 aka hango gawar jirgin, fiye da kilomita 600 daga gaɓar teku. Cikin abubuwan da ake dangantawa da ɓatansa har da wannan ruɗani na gaba da baya.

Maganin shi ne a haɗa abin da zobe ya ji da abin da miƙaƙƙiyar eriya ta ji, ita da take ji daidai ta ko'ina. Idan aka gauraya su, gefe ɗaya yana ƙaruwa, ɗayan yana raguwa. Dabarar R1155 ita ce ba ya barin kunne ya yi wannan hukunci. Bawul biyun nan VR99A suna jujjuya saƙon miƙaƙƙiyar eriya, yanzu a ƙara shi kan na zobe, yanzu a debe, sau 30 ko sau 80 a daƙiƙa gwargwadon inda ka sa makunni. Shi kuma VR102 yana bin wannan kiɗa, yana raba sakamakon ga allurai biyu da ke cikin wani agogo a gaban matuƙi. Idan alluran suka gitta juna a kan layin tsakiya, jirgi na kan hanya. Idan mahaɗarsu ta karkata hagu ko dama, matuƙi ya san inda zai juya. Babban makunnin da ke fuskar akwatin yana da matsayi biyar, kuma uku daga ciki, BALANCE da VISUAL da wata alama mai kama da 8 a kwance, duk na wannan aiki ne. A namu ukun nan ba sa yin komai.

Ba mugunta ce ta sa aka cire su ba. Bayan yaƙi gwamnatin Ingila ta yi gwanjon waɗannan akwatuna da araha, masu sha'awar rediyo suka yi ta saye. Mutumin da ke zaune a ɗakinsa ba ya neman hanyar ko'ina, sifika yake so maimakon abin sawa a kunne, sai ya zare bawul ukun ya sami wurin dasa 6V6. Mujallun rediyo na lokacin har koyar da yadda ake yi suke yi. Shi ya sa yau samun wanda ba a taɓa ba ya fi wuya.

Shawara

Na kai maganar wurin maigidana da ya koya mini aiki, wanda yanzu ido ya yi rauni amma kunne da ƙwaƙwalwa suna nan garau. Na karanta masa abin da na gani. Ya ce, "Kai yaro, mai kaya magana ya ce yana so. Ka gyara masa yadda ubansa ya bar shi, ka karɓi kuɗinka." Na ce, "Baba, idan na bar shi haka ai rediyo ne kawai, kuma ta dubu biyar ta kasuwa ta fi shi murya." Ya ce wannan kuma son zuciyata ne, ba na Alhaji ba.

Yana da hujja. Gyaran da aka yi wa akwatin shi ma ya zama tarihi, da shi mahaifin Alhaji ya saurare shi shekara da shekaru. Amma ni a ganina abin da ya sa wannan akwati ya cancanci wahalar mutum shi ne sashen da aka yanke. Abin da ya raba gardamar shi ne wanda ya yi gyaran farko malalaci ne, Allah ya saka masa. Bai tumɓuke komai ba. Guraben bawul suna nan, koyil-koyil da taransifomar sashen suna nan a cikin gwangwanayensu, wayoyi kawai ya datse ya lanƙwashe. Da ya kwashe su kamar yadda wasu ke yi, da na bi maganar Baba, domin ba a samun su a kasuwa. Na koma wurin Alhaji na ce zan mayar da akwatin yadda aka ƙera shi, in fitar da 6V6 da taransifomarsa in sa su cikin wani akwatin katako daban tare da sabon abin ba da wuta, ta yadda gwaggo za ta ji murya a sifika, kuma ba a jefar da komai na mahaifinsu ba. Ya ce in dai zai yi magana, in yi yadda na gani.

Aikin gyara

Mafi yawan aikin ba shi da daɗin labari. Wayoyin ciki da roba aka rufe su, kuma zafin Kano na shekaru ya mayar da robar kamar ƙanzo, kana taɓawa tana zuba, tagulla na fitowa tsirara. Na canza su ɗaya bayan ɗaya, ba na cire ta biyu sai na gama da ta farko, ina bin launin asali inda na samu. Wannan kaɗai ya ci mini mako uku na dare, domin da rana akwai talabijin da fankokin mutane.

Sai kafasitoci. R1155 cike yake da wasu dogayen gwangwanaye, kowanne ɗauke da kafasita uku na takarda masu maikrofarad 0.1. Takarda na shan laima, ta tsufa ta fara yoyon wuta, kuma duk wanda na auna ya faɗi. Hanya mai sauƙi ita ce ka datse su ka rataya sababbi a gefe. Ni na zaɓi in buɗe bakin kowane gwangwani, in ɗumama shi in zaro tsohon cikin, in zura sababbi masu jure bolt 630, in mayar in rufe. Wanda ya leƙa ba zai ga bambanci ba, shi ya sa na rubuta duk abin da na canza a takarda. Rasistoci kuwa da yawa ƙimarsu ta haura, wasu har ninki biyu. Na bar waɗanda ba su kauce sosai ba. Akwai kuma wani farin gari da ke fitowa a kan wasu ƙusoshi da ƙarafan kayan soja na wancan zamani. Na hana yaron shagona hura shi da baki, domin ana shafa wa irin waɗannan ƙarafa kadmiyam, kuma guba ne. Da jiƙaƙƙen tsumma muka goge, muka wanke hannu.

Kuskuren da na tafka a wurin wuta ne. Akwatin yana son bolt 6.3 na ɗumama bawul, wajen amfiya 4, da kuma kimanin bolt 220 na aiki. Na haɗa abin ba da wuta, na sa ƙwan fitila mai zare a jere da shi kamar yadda muka saba, domin in akwai gajeriyar hanya ƙwan ya haska maimakon wani abu ya ƙone. Sai na yi abin da hannu ya saba a kowace rediyo: na ɗaure wayar ragi, wato negatif, ta babbar wutar nan mai bolt 220 a jikin akwatin. Na kunna. Ƙwan ya yi haske fiye da kima, wani gurnani ya cika kunnena, mamurɗin murya ya ƙi rage komai. Yaron ya ce, "Oga, wani abu na ƙauri." Na kashe da sauri.

Da na koma kan zanen na bi da yatsa sai na ga wautata. A R1155 wayar ragi ba ta taɓa jikin akwati. Tana bi ta wasu rasistoci ne tukuna, ta yadda jikin yake zama sama da ita da kimanin bolt 30, kuma daga wannan tazara ake samun wutar da ke riƙe linzamin bawul-bawul. Da na haɗe su, na tsinke linzamin ne gaba ɗaya, kowane bawul ya yi ta zuƙar wuta iya ƙarfinsa. Ƙwan fitilar nan ne ya cece ni. Duk mai niyyar taɓa irin wannan akwati ya riƙe wannan, ya fi duk sauran abin da na faɗa muhimmanci.

Bawul ɗin da aka fasa VR100 ne. Kafin na asali ya iso na sa 6K7G a gurbinsa, wanda ya yi kusa da shi ƙwarai, kuma Baba yana da guda biyu a cikin wata tsohuwar gwangwanin madara. Bawul ukun neman hanya kuwa daga Ingila aka sayo mana su ta hannun wani ɗalibi da ya dawo hutu, VR102 ne ya fi wahalar samu. Idon nan mai koren haske da ke nuna an dace da tasha ya dushe, sai an kashe fitila ake ganinsa, na bar shi haka. Na daidaita tsakiyar na'urar a kan kilohaz 560, wato zangon da take mayar da kowace tasha kansa a cikinta, a hankali, domin ƙullutun da ake murɗawa a cikin koyil suna da saurin fashewa, in sun fashe kuwa an shiga uku.

Wannan lamba ta 560 ita ce ta bayyana mini wani abu da ya ɗaure mini kai tun farko: me ya sa fuskar ta tsallake daga 500 zuwa 600? Domin na'urar ba za ta iya sauraron zangon da ita kanta take aiki a kai ba. Abin dariyar shi ne kilohaz 594, inda aka san Rediyon Kaduna a matsakaicin zango, ya faɗo daidai bakin wannan rami. Mahaifin Alhaji dai ta gajeren zango ya fi samun abin saurare.

Daren da ya fara magana, waya mai tsawon kamu ashirin muka ɗaura daga shago zuwa bishiyar darbejiya. Bawul suka ɗauki kusan rabin minti suna ɗumi, sai shuu, sai ƙyas-ƙyas, na murɗa a hankali cikin zango na ɗaya sai ga Hausa tangaran daga wata tashar waje. Yaron ya tashi tsaye.

Gwajin neman hanya

Zoben asali da agogon allurai biyu ba su zo tare da akwatin ba. Zoben na haɗa da kaina: katakon babbar rariya na saya a kasuwa, na cire ragar, na naɗa wayar tagulla a kai har awonsa ya kai abin da littafin ya faɗa, na kafa shi a kan sanda da faifan katako mai digiri 360 a ƙasa. Agogon kuma na wakilta shi da ƙananan mitoci biyu iri ɗaya da na ciro daga matattun na'urorin awo, na jera su gefe da gefe. Maimakon allurai su gitta, idan karatunsu ya zo daidai, an dace.

A cikin gari abin ya gagara. Inbata da cajar sola da ƙwayayen fitilar zamani sun cika matsakaicin zango da ƙara, rufin kwano da wayoyin wuta kuma suna karkatar da saƙo. Shirun da nake nema ya ƙi fitowa. Sai muka ɗauki komai muka fita gonar wani abokina a hanyar Ɗambatta. Janareto zai kawo tasa ƙarar, saboda haka na ɗumama bawul da batirin bolt 6, babbar wuta kuma na harhaɗa ƙananan batura masu bolt 9 guda 24 baki da baki, suka ba da 216. Kada ƙanƙantarsu ta ruɗi kowa, a haɗe suna iya kisa. Ba su yi awa guda ba suka fara sanyi, amma sun isa.

Na kamo wata tashar jiha wadda na san inda dogon ƙarfenta yake, na duba taswirar waya na rubuta kusurwar da ya kamata. Na sa makunni a BALANCE na daidaita mitocin biyu, na mayar VISUAL, na ce wa yaron ya juya rariya sannu-sannu. Allura ɗaya ta hau, ɗaya ta sauka, suka matso, suka yi daidai. Na duba faifai da kamfas: tazarar digiri huɗu da abin da taswira ta ce. Da zoben rariya, ban nemi fiye da haka ba.

Sai gwajin gaba da baya. Ƙa'ida ita ce ka ɗan kautar da zoben gefe guda ka ga wace allura ta rinjaya, wannan zai gaya maka ko tashar tana gaba ko baya. Namu ya ce tana arewa. Tashar kuwa tana kudu da mu, muna iya nuna wajen da hannu. Wayoyin zoben biyu na juya a wurin haɗi. Minti biyu suka isa gyarawa, amma na ɗan zauna shiru a kan kunyar gona ina tuna mutanen jirgin nan na Libiya.

Mun tsaya har bayan magariba don in ga wani abu da na sha karantawa. Rana na faɗuwa sai shirun ya fara yawo, alluran suna lilo, kusurwar tana kaucewa da digiri goma ko fiye ta dawo. Da dare saƙon matsakaicin zango yana dawowa daga sama bayan wanda ke bin ƙasa, zobe kuma ya rikice tsakanin su biyun. Masu jiragen sun san wannan, shi ya sa ba sa sakin jiki da awon da aka ɗauka da almuru ko da asuba.

Maganar jirgin da ya faɗi

Labarin gwaggo ba daga iska ya zo ba. Tun 1925 jiragen sojan saman Ingila suka fara sauka a Kano. A lokacin yaƙin duniya na biyu kuwa, daga watan Satumban 1940, ana kawo jirage a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, su taso ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ta zama Njamena, su ratsa El Geneina da El Fasher zuwa Khartum, su gangara Masar. Dubban jirage sun bi wannan hanya, wasu kuma sun faɗi a kanta. Duk dattijon Fagge na wancan zamani ya ga jiragen yaƙi da idonsa.

Amma akwatin da kansa ya ba da wata shaidar. Babu lanƙwasa ko tabon wuta a jikinsa irin na abin da ya faɗo daga sama. Ɗaya daga cikin kafasitocin da aka ƙara lokacin dasa 6V6 yana ɗauke da hatimin 1951. A cikin murfin baya kuma, ƙarƙashin ƙura, akwai ragowar takardar wani kanti mai adireshin Lisle Street a Landan, titin da ya yi suna bayan yaƙi wajen sayar da rarar kayan rediyon soja. Ke nan bayan yaƙi akwatin yana Ingila, a can aka sayar da shi, daga baya ya ƙetaro. Da na tambayi aikin mahaifinsu, Alhaji ya ce a gidan waya ya yi aiki tare da Turawa har zuwa samun 'yancin kai. Turawan da ke komawa gida kuwa sun saba gwanjon kayansu kafin su tashi.

Na faɗa wa Alhaji wannan a shago, mu biyu. Ya ɗan yi jim, ya ce, "To ai jikin alminiyam ne ka ce, na jirgi." Na ce haka ne, ranka ya daɗe, don jirgi aka yi shi. Ya ce wannan ya ishi gwaggo.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka kai shi gidan. Na manna takarda a cikin murfi mai jerin duk abin da na canza da kwanan wata, tsofaffin kafasitoci da wayoyin da na cire kuma na ƙulle su a leda na miƙa wa Alhaji. Gwaggo ta sa aka ajiye akwatin a kan tabarma kusa da ita, ta shafa fuskarsa, ta ce a da koren idon nan ya fi haka haske. Zoben rariya yana nan rataye a shagona, kuma ɗalibin nan ya yi alkawarin duba mana agogon allurai biyu na asali idan ya koma. Na gargaɗe shi in ya samu kada ya buɗe gilashinsa, domin yawancin agogunan jiragen wancan lokaci da fenti mai radiyam aka shafe allurarsu.